Abin da Na Tsinta a Cikin Wanki

Ni ce Kulasa, mai wankin gidan Fada
a wani gari da ke bakin tafkin Taal.
Shekara ashirin da biyu ina murza fararen riguna
har fatar hannuna ta koma kamar bayan kada.

Ran Lahadi Fada Anselmo ya hau mumbari,
ya ɗaga wani littafi da yatsu biyu
kamar mai riƙe mataccen ɓera ta wutsiya.
Ya ce duk wanda ya buɗe shi
ya buɗe wa kansa ƙofar wuta.
Muka sunkuyar da kai, ƙararrawa ta kaɗa.
A raina na ce, ruwa ba ya tsami banza.

Ba a ƙona shi ba.
Dare uku ina hango fitila ta tagar bene,
Fada yana juya shafi, yana gyaran murya,
wani lokaci har dariya ta kufce masa
sai ya haɗiye ta kamar ƙayar kifi.
Ranar Alhamis ya manta da shi cikin zanin gado.
Na tattara duka na ɗora a ka.

Nauyinsa bai kai na ƙwaryar shinkafa ba,
amma da na wuce jami'an tsaro biyu a bakin gada
wuyana ya ji kamar dutsen niƙa na ɗauko.

A rafi na buɗe shi da jiƙaƙƙen hannu.
Baƙaƙe jere kamar tururuwa,
cikin harshen mutanen Sifaniya,
harshen da ake zagina da shi,
harshen takardar haraji.
An ce labarinmu ne a ciki.
To, wa ya taɓa ganin madubi
da mai shi ba ya iya ganin fuskarsa?

Ambo, ɗan ƙanwata, ya yi shekara biyu a makarantar Manila
kafin kuɗi su ƙare.
Shi ya zauna ƙarƙashin ɗakinmu na gora,
kusa da turken bauna,
da fitilar man kwakwa,
yana karanta layi, yana mayar mana da shi Tagalog.
Mu bakwai ne, har da makaho mai saƙar tabarma.

Bai yi nisa ba na ce, tsaya.
Wa ya gaya wa mutumin nan zancen Doroy?
Doroy mijina, da aka kwasa aikin tilas,
saran katako a dutse kwana arba'in,
aka dawo mini da hularsa kawai.
Ambo ya ce, Inna, ba sunansa a nan.
Na ce, ba sai da suna ba,
na san tarinsa in na ji shi.

Makaho ya ce gonar da ake faɗa tasa ce.
Insiyang ta ce a'a, ta ubanta ce.
Muka yi ta musu ƙasa-ƙasa
kamar masu rabon gado,
alhali hasara muke rabawa.

Dare goma sha ɗaya muka yi.
Ba mu kai ƙarshe ba,
don an fara bincike gida-gida,
an zane yaron da ke share bene har ya suma.
Wannan bulalar tawa ce. Na sani.
Har yau ban iya kallon uwarsa a kasuwa ba.

Na naɗe littafin a ganyen ayaba,
na sa a tulu, na binne bayan rumbu.
Damina ta zo, gara ta yi nata karatun.

Yanzu jikoki kan tambaye ni yadda labarin ya ƙare.
Nakan ce ban sani ba.
Gobe da asuba akwai wanki,
kuma rigar sabon Fada
ta fi ta tsohon saurin datti.