Tsohuwa Mai Tari Ɗaya

Hankurau ya ce mu je da asuba,
kafin mai kaya ya farka ya ɗumama injin.
"Ƙarfen da ya kwana a sanyi ba ya iya ƙarya."

A bayan tashar Tawa muka iske su biyu.
Ɗaya ja wur, fenti har kan kusoshi,
kamar an yi mata lalle jiya.
Zuciyata ta riga ni zuwa wurinta.
Hankurau bai ko dube ta ba,
ya durƙusa, ya shafi ƙasar da ta kwana a kai,
ya nuna mini yatsa: baƙin mai.
Da aka tashe ta, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe.
"Wannan jininta take sha. Mu wuce."

Ɗayar, rana ta cinye launinta,
kujera buhun taki ne da igiya,
fitila guda, ita ma makauniya.
Tari ɗaya ta yi, ta kama.
Ya ɗora kunne a kan sanda, sanda a kan injin,
ya daɗe,
kamar mai sauraren ruwa a tsohuwar rijiya.
Sai ya ce in ƙirga kuɗin.

Kuɗin kuwa shanun huɗar babana ne,
da albasar shekara biyu,
da bashin da ban faɗa wa Tabawa ba.

Damina uku ke nan a fadamar Badagishiri.
Kowace safiya ina duba mai kafin in sha koko,
gazuwal ɗin bido sai ya kwana, ruwa ya kwanta,
in tace shi da tsohon rawani.
Da yamma in busa matatar iska,
in bi gaɓoɓinta da giris ɗaya ɗaya.
Nomau yana rubuta awoyinta
a bayan littafinsa na lissafi.

Bara ta tsaya ana tsakar huɗa
saboda wata roba da ba ta kai ƙwandala ba.
Kwana tara ina jiran mota daga Ƙonni,
ina kallon maƙwabta da jakunansu suna gamawa.
Na zage ta. Da dare na koma na lulluɓe ta.

Ba ta san muryata ba kamar bajimin baba,
ba ta bar mini taki.
Amma ni na san tata:
in tarin ya zama biyu,
Hankurau zai ji ƙwanƙwasa ƙofa tun kafin kiran salla.