Makullin Tashar Kawo

Ruwa na dukan kwanon aji biyar,
na ɗaga murya, alli ya karye a hannuna.
Darasin yau wani mutumin Ingila ne,
mai gona, mai iyali,
wanda ya doshi arba'in ba a san shi ba sai a yankinsu.
Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sarki da majalisa
ya hau doki, ya tara mayaƙa
masu addu'a kafin su zare takobi.
Suka ci yaƙi, suka gurfanar da sarki.
Wata rana mai sanyi, gatari ya sauka.

Godiya ta ɗaga hannu daga layin baya:
"Malam, sai shi ya zama sarki?"
Na ce an miƙa masa kambi, ya ƙi karɓa.
Ya ƙi sunan, ya riƙe sandar.
Majalisar da ya yi yaƙi dominta,
shi ya shiga da sojoji ya watsa ta.
A tsibirin maƙwabta kuwa
har yau sunansa maɗaci ne a baki.

Abin da ban faɗa musu ba:
na san mutumin nan.
Mun ci tuwo kwano ɗaya.

Babana Mijinyawa, direban Kaduna zuwa Zariya,
shi ya hau kan wata tsohuwar Fijo
ya lissafa wa direbobi, kwabo da kwabo,
kuɗin ƙungiya da ciyaman ya haɗiye.
Kafin la'asar an fitar da ciyaman da takalmi wari ɗaya.
Aka ce wa baba, "Zauna."
Ya ce shi ba ciyaman ba ne, riƙon ƙwarya yake yi.
Ƙwaryar ta shekara goma sha ɗaya a hannunsa.
Ya hana karta a bayan tasha,
ya hana kiɗa a cikin mota,
ya sallami kwamitin da ya ɗora shi.
Bai taɓa cin sisin kowa ba,
kuma ba wanda ya taɓa yin dariya a gabansa.

A gida shi ke fere wa Tabawa rake,
yana yanka shi ƙanana don haƙoranta.
Da ciwo ya kwantar da ita
ya bar tasha mako uku,
yana zaune bakin gado, hula a gwiwa.
Ta tafi da damina. Shi bai ga kaka ba.
Littafi ya ce na Ingila ma
'yarsa ta riga shi da wata guda.
Nakan yi saurin wuce wannan layi.

Sai ga su da makulli da hatimi:
"Ɗan na gada ne."
Wata bakwai na yi a kujerar.
In na yi magana sai su duba bayana,
kamar mai muryar na nan tsaye.
Wata Talata na ajiye makulli kan tebur,
na nemi gurbi a kwalejin horon malamai.
Ɗan tsohon ciyaman ya dawo da maroƙa,
ya sauke hoton baba daga bango,
inda ya bar murabba'i mai haske a jikin fenti.
Can Ingila kabari suka tone,
suka rataye gawa, suka kafa kai a tsini.
Mu dai hoto ne. Alhamdu lillahi.

Bitrus ya ce, "Malam, ɗan nasa fa?"
Na ce ya gaji mulki, bai shekara ba ya sauka.
Ya haura tamanin a duniya,
ba wanda ya nemi wuyansa.
Aji ya fashe da dariya: "Rago!"
Na juya na goge allo a hankali,
na ce su haddace shekarun, su za a tambaya.

Ruwa ya ɗauke. Na shiga bas a Kawo.
Kwandasta ya karɓi kuɗina bai kalle ni ba,
ya ba ni canji cif.