Ɗinkin Ƙarfe

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinke mutane
a ƙaramin asibitin Ancud:
goshin masunci, diddigen yaro,
tafin da wuƙar gyaran kifi ta tsaga.
Ran da na ajiye allura, ba wanda ya gaya wa hannuna.
Ya ci gaba da laluben abin da ya yage.

Ga baro a bayan gida, ƙafa ɗaya a karye.
Ga ƙyauren lambu, gishirin teku ya cinye masa gindi,
tumakin Nolberto na shiga kamar gadon ubansu.

Na hau motar Castro cikin yayyafin safe,
kuɗin fansho a ƙulle cikin aljihun ciki.
Baldomero mai kanti ya dube ni, ya leƙa bayana
ko akwai namiji tafe.
"Injin walda? Na jikanki ne?"
Na ce, nawa ne.
Ya sosa ƙeya, ya jero uku a kan teburi.

Na fari ja ne, mai tofo waya da kansa.
"Wannan, ko da ido ɗaya kika riƙe, zai ja layi."
Sai dai ba ya tafiya sai da tukunyar gas
mai tsayi har ƙuguna.
"A ina za ki yi aikin?"
Na ce, a fili. Gidana katako ne daga tushe har rufi,
ba na gayyatar tartsatsi ɗaki.
Ya yi dariya: "Iskar tsibirin nan
za ta kwashe gas ɗin kafin ya taɓa ƙarfe."

Na biyu, wayyo, na biyu.
Bakinsa siririn tsinke, ɗan'uwan allurata,
ɗinkinsa jere kamar ɓawon kifi.
Na shafa shi, raina ya biya.
Kuɗinsa fanshon wata uku,
kuma ba ya cin ƙarfe sai mai tsabtar ɗakin tiyata.
Nawa kuwa tsatsa ce ta riƙe shi tsaye.
Na janye hannu a hankali,
yadda ake barin goshin mara lafiya in ya samu barci.

Na uku bai fi jakar ungozoma ba.
Sanda yake ci, ba ruwansa da iska,
tsatsa kaɗan ba ta ɓata masa rai.
"Amma da taurin kai," in ji Baldomero.
"Zai manne, ki ja, ya ƙi. Za ki zage shi."
Na ce, na yi jinyar irinsa.
To wutar gidana fa,
da ke ɗaukewa in buta da dutsen guga sun haɗu?
"Sayi siririyar sanda. Ki kashe butar."

Abin da ya rage ban kai shi gida ba.
Na ce a ba ni hular gilashi mafi kyau a kantin,
da safar fata har gwiwar hannu.
Na sha ganinsu ƙarfe biyun dare,
ƙarti, ana jan su kamar makafi,
ido ja, suna rantsuwa yashi aka zuba musu.
Duk walda ce, "minti ɗaya kawai".

Ranar Laraba ruwa ya ɗauke.
Sanda ta manne. Na ja, ta ƙi. Na zage ta.
Ta shida ce ta kama,
duhu ya buɗe, na ga ɗan tafki ja yana bin hannuna,
ina jin ƙara kamar kifi a cikin mai.

Da na ɗaga hular, na kankare ɓawon:
ƙulu-ƙulu, kamar kashin kaza.
Da a goshin mutum na yi shi, da tuni an kore ni.

Na ɗauki guduma na doka.
Na sake dokawa.

Yanzu haka wata tunkiyar Nolberto na tsaye a waje,
tana tura ƙyauren da goshi,
tana kallona.