Baƙi Mai Ƙugiya

Ran Lahadi, in an sallame la'asar,
sai zauren Zailani a Tudun Wada,
kowa da kwamfutarsa a hammata
kamar mai kai kaza kasuwa.
Ta Uwaisu da roba ake ɗaure murfinta.
Ta Dalhatu fankarta na haki
kamar tsohon da ya hau Kufena.
Tawa ta hannu ce, a Sabon Gari na saya,
batirinta ba ya jiran shayi ya tafasa.

Ba mu da malami, ba mu da rajista.
Wanda ya ci tuntuɓe jiya
shi ke nuna wa na baya inda dutsen yake.

Ni baƙi mai ƙugiya ne ya kai ni.
Wata bakwai ina buga labarin kakata Kande,
mai ƙuli-ƙulin Ƙofar Kuyambana,
da yatsa biyu, kamar tsattsagar kaza.
Ran da na kai a fitar mini a takarda
sai ƙ ta koma akwati, ɗ ta koma akwati,
shafi duk tagogin gidan da ba kowa.
Na ce to, a cire ƙugiyar mana.
Nan take ƙasa ta kasa,
baƙinta suka zama baki,
faɗan da ta yi da mai awo
ya tashi ya koma fada.

Bitrus na Wusasa, mai gyaran agogo,
ya ɗaga tabarau ya ce,
"Harshenka lafiya lau, rigar rubutun ce ba taka ba.
Sa masa wadda ta san Hausa,
in zai fita gida, ɗinke shi ya zama hoto
don kada wani tela ya taɓa."
Dalhatu ya kashe mini jan layin nan
mai bin ƙarƙashin kowace kalma
kamar makin malamin da bai iya karatun ba.
Uwaisu kuwa karatunsa ɗaya ne:
"Adana kafin ka kurɓi ruwa,
Nepa ba ta sallama."

Filas ɗaya gare mu, mai igiyar takalmi,
yana zagawa kamar ludayin fura.
To, ludayin da ya shiga kowane baki
ai ka san abin da zai ɗebo.
Na buɗe jakar Kande, wayam.
Wata bakwai.
Zaure ya yi tsit, har fankar Dalhatu ta ji kunya.
Zailani ya danna nan, ya danna can,
Bitrus ya goge tabarau sau uku,
ni kuwa ina ta kallon tabarma,
ina ƙirga ramukan saƙarta.

Sai Lantana, autar Zailani, 'yar aji uku,
wadda zoɓo kawai muka san ta da kawowa,
ta ce daga bakin ƙofa,
"Baba, cutar nan ba ta ci, ɓoyewa take."
Ta aje tire, ta buɗe wata baƙar taga,
ta rubuta layi guda, gajere,
bai kai tsawon sunan unguwarmu ba.
Sai ga Kande ta fito,
da mudunta, da faɗanta,
da ƙugiyoyinta cif, ko ɗaya bai karye ba.

Zailani ya cire hula ya sosa ƙeya.
Tun ranar akwai kujera 'yar tsugunno a zauren,
kuma zoɓo Uwaisu ke ɗaukowa.

Yanzu Kande gida uku gare ta:
ɗaya a na'urata,
ɗaya a gwangwanin alluran matata,
ɗaya can Wusasa, cikin akwatin agogon Bitrus.

Lantana ta koya mini maɓalli biyu,
in ka haɗa su, abin da ka goge ya dawo.
Na so a ce ina da su
ran da kakata ke ba da labarin nan
ni kuwa hankalina na filin ƙwallo.

Ga magariba. Ƙwan zaure ya lumshe, ya mutu.
Cikin duhun baki biyar suka haɗu:
"Ka adana?"