Kunnen Baba Jatau

Shekara ashirin da bakwai a masaƙar Kakuri,
injuna suna taunar zare a kansa dare da rana,
shi yana tsakiyarsu da gwangwanin mai da ɗan tsumma,
ya san wanda zai kwanta ciwo tun bai fara tari ba.
Ranar da aka garƙame ƙofa aka liƙa takarda,
ya dawo gida da agogon bango na sallama
da kunnuwa biyu da suka ƙoshi, suka daina ci.

Da hannu muka girma muna yi masa magana.
Gishiri, a murza yatsu. Baƙo, a nuna ƙofa da haɓa.
Inna Kande kan dafa kafaɗarsa in an kira salla,
sau biyu in mai bin bashi ne.
Da ta rasu, kafaɗar ta zama marainiya,
ya koma tambayar inuwar mangwaro ko azahar ta yi.

A asibitin kunne, bayan layin da muka kama tun asuba,
wata mai farar riga, Rifkatu sunanta,
ta zana masa a takarda tana nunawa da biro:
a can cikin kunne akwai fadama,
’yan siraran gashi tsaye kamar shinkafa sabon dashe,
sauti ne iskar da ke kaɗa su.
Naka, Baba, guguwa ta kwantar, ba sa sake tofowa.
Amma akwai ’yan saura a bakin kunya,
su za mu yi wa ban ruwa.

Na’urar ba ta fi ƙwayar gurjiya ba.
Mutumin da ya kwance injin da ya fi ɗaki girma
ya juya ta a tafinsa, ya shinshina,
ya ce, ta ina ake zuba mata mai?
Rifkatu ta yi dariya, ta maƙala masa,
ta koma kan kwamfuta tana ɗaga wasu layuka
kamar mai gyaran ɗaurin igiyar shanya.

Na ɗauka sunana zai fara ji.
Ina! Rigarsa ya ji tana gogar kujera,
ya waiga yana neman wanda ya shigo.
A kan gadar kogi ya dafa direban keke:
yaro, injin nan naka yana shan wuya,
ka duba shi kafin Juma’a.

Sai da muka isa gida na durƙusa na ce,
Baba, in kawo ruwa?
Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.
Sake faɗa.
Na sake.
Ya ce, Tabawa, yaushe kika ɗauke muryar uwarki
ba wanda ya gaya mini?

Yanzu yana faɗa da ita kamar tsohuwar abokiyar aiki.
Wai tana tsegumi, tana kawo masa har kukan sauro.
A kasuwar Barci yakan rage mata baki.
Da dare ya cire ta, ya goge da bakin rawani,
ya kwantar a gwangwanin da ya saba sa kusoshi,
ya ce ta tashi daga aiki, gobe ma rana ce.
Jikansa Sagir ya tambaya, Kaka, kai ke ji ko ita?
Ya ce, je ka tambayi ɗan jinka, shi ke saƙa ko bakinsa.

Ran Lahadi ya ce in raka shi Kakuri.
Muka tsaya jikin wayar shinge.
Ciyawa ta kai ƙugu, kwanon rufi ya yaye,
tattabaru sun yi unguwa inda injuna suke.
Ya ƙara mata murya har ƙarshe,
ya karkata kai, ya daɗe.

Na ce, me kake ji?
Ya ce, wurin nan ya fi ni kurumta,
kuma ba wanda ya kama masa layi.