Ɗari Biyu

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Sheffield.
Tun la'asar ruwa ke lasar tagar ofis,
irin ruwan nan nasu, ba tsawa, ba ƙanshin ƙasa,
bai zo ba balle ya tafi, zama kawai yake yi.

Ni kaɗai ce a hawa na uku,
sai butar shayi, sai baƙin allo
inda saƙonni ke gangarowa layi bayan layi.

Ni na yanka ƙofar da hannuna,
'yar kafa ce a jikin sabarmu
da ke can wani ɗaki mai sanyi, wanda ban taɓa takawa ba.
Na ba kamfanin talla adireshin, na ce:
duk abin da ya faru, ku ƙwanƙwasa nan.

Suna kuwa ƙwanƙwasawa.
An amince da tallan mai takalma.
An tsayar da na mai furanni, katinta ya ƙi biya.
An ƙi hoton mai gidan abinci, wai rubutu ya cika shi.
Kowane baƙo da hatimi a goshinsa,
in ya dace da namu, bismilla,
in jabu ne, ya kwana a waje.

Ƙa'ida ɗaya ce: sallama ba ta jira.
Cikin daƙiƙa biyar a amsa,
amsar kuma lamba ce, ɗari biyu.
Fassararta: na ji.
Ba na yi ba, ba na yarda ba,
na ji kurum, aiki ya biyo baya.
In aka yi shiru su dawo bayan minti ɗaya,
su dawo bayan biyar, bayan awa guda,
tazara tana ƙara faɗi kamar tsagar bango,
a kwana na uku su ce gidan kango ne,
su daina zuwa.

Biyu da rabi, ga na Mista Ogden mai gyaran rufi:
kuɗin tallansa na yau sun ƙare.
Na yi dariya ni kaɗai.
Wato a wannan dare, daga Hillsborough har Walkley,
mutane ɗari da goma sha bakwai
sun tashi da ɗigo a kan bargo,
sun tara roba, sun lalubo waya, sun danna sunansa.
Faɗuwar wani, tashin wani.
Sabar ta ce ɗari biyu
kafin in kai kofi bakina.

Wayata na kife a gefen linzami.
Ba sai na juya ta ba, na san abin da ke ciki:
muryar Yaya Tasalla, minti uku da 'yan kai,
daga Malumfashi, kwana tara ke nan.
Na saurari farkonta a cikin bas:
kwanon ɗakin Inna ya huje ta kusurwar gabas,
an janye gadon, an tara baho.
Nan na kashe, na ce sai albashi,
don kunyar amsa hannu rabbana.

Ta sake turowa washegari.
Ta sake bayan kwana biyu.
Ta sake ran Juma'a, gaisuwa zalla, ba zancen kwano.
Yau kwana huɗu ba ta turo ba.
Na san wannan lissafin, ni nake koya wa sababbin ma'aikata.

Na koya wa ƙarfe ladabin da na ajiye a filin jirgi.

Ruwa bai fasa ba.
A ƙasa motar shara tana haɗiyar kwalabe.
Wani saƙo ya shigo sau biyu da lamba ɗaya,
sabar ta amsa duka biyun, ta adana guda,
ba ta ce ai ka riga ka faɗa ba.

Na juya wayar.
Can yanzu uku saura, ko zakara bai motsa ba,
ba ni da kwano, ba ni da ƙusa, sai ashirin ga wata.
Na danna, na riƙe, na gyara murya:
Yaya, wa alaikumus salam.
Na ji.