Mako Biyu

Shekara goma sha ɗaya ina ofishin rajista,
hawa na biyu, tagar da ke kallon bishiyar maina.
Ni ke buga hatimi a fayil in ya shigo,
ni ke nemansa in ya ɓata.

Ranar da aka haifi Nusaiba ina kan wannan kujera.
Waya ta yi ƙara, na fice ban sallami kowa ba.
Washegari na tarar da takardar tuhuma
an danne ta da kofin shayina.
Na rubuta "ina neman afuwa"
kamar wanda aka kama da akuyar maƙwabta.

Bana kuwa Hajiya Tasalla ce ta aiko a kira ni.
Ta sauko da tabarau kan karan hanci:
"Namadi, an ce tiyata aka yi wa Barira.
Ga fom. Sabon tsari ne. Cike ka tafi, mako biyu."
Na tsaya ina juya biro.
"Ranki ya daɗe, ai ba ni na haihu ba."
Ta ce, "Shi ya sa kai ne mai ƙafar tashi."

Garzali ya yi dariya har da dukan tebur:
"Mai jego, a dafa maka darbejiya?
A dama maka kunun kanwa?"
Na ninke takardata na sa a aljihu,
na tari a-daidaita-sahu zuwa Rijiyar Zaki.

Uwar Barira shekara uku da rasuwa.
Tawa tana Nguru, gwiwa ta hana ta mota.
Gidan haya ne, ɗaki ciki da falo,
maƙwabta kowa da tasa safiyar.

Sai na koyi hura gawayi kafin kiran assalatu.
Na koyi cewa kuka iri-iri ne:
akwai na yunwa, akwai na jiƙa,
akwai wanda ba ya son komai sai ƙirjin mutum.
Na kama wa Nusaiba gashi da hannun buga hatimi,
ta je makaranta, malamarsu ta aiko da gaisuwa
tana tambaya ko wa ya yi wannan aika-aika.
Daga gado zuwa ƙofa taku bakwai ne,
ni da Barira muka ƙirga,
tana riƙe da ɗinki, ina riƙe da ita.

Rana ta biyar, sha ɗaya da rabi,
daidai lokacin da nake raba wasiƙu hawa-hawa,
na taɓa goshinta na ji garwashi.
Ta ce ba komai. Haƙoranta na kaɗawa.
Na saɓa jinjiri, na tsayar da mota.
A asibiti nas ta duba ɗinkin, ta dube ni:
"Gara da kuka zo yanzu."
Iyakar abin da ta ce ke nan.
Har yau ban bar zuciyata ta ƙarasa zancen ba.

Mahaifina ya yi shekara talatin da biyar a hukumar ruwa.
Agogon bango aka ba shi da takardar yabo.
Mu takwas ne, bai san nauyin ko ɗaya ba
a makon da muka zo duniya.
Ba na ganin laifinsa.
Shi ba a miƙa masa fom ba.

Litinin na koma.
Gwamnati ba ta rushe ba.
Fayil sun taru har sun kai haɓa,
kafin la'asar na sauke rabi
da tabon tumbuɗi a kafaɗar riga.

Ana shirin tashi Garzali ya matso,
ya dubi ƙofa, ya rage murya:
"Namadi, wannan fom ɗin,
a wane ofis ake karɓa?
Iyalin nawa watanta ya tsaya."